Doki ya yi wata biyar a turke: ta ina ake farawa?

Mai Bidi (Ajah, Legas): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen manya. Ingarmana bidi, ɗan Chadi, shekararsa takwas, rabonsa da sirdi tun farkon Yuni. Ruwa ya cinye filin da muke kilisa, yaron da ke hawansa ya tafi gida noma, ni kuma kasuwa ta riƙe ni. Ba ciwo ne ya zaunar da shi ba, ci yake yana sha har ya yi ƙiba, gashi sai sheƙi. Yanzu ruwa ya fara ɗaukewa, ina so ya dawo aiki don ina da niyyar sa shi ƙananan wasannin polo na farkon shekara. Ana cikin haka wani amini ya roƙi aronsa don hawan angwancin ƙanensa a Agege nan da mako biyu. Yau da aka kwance shi sai tsalle da haniniya, yara biyu da ƙyar suka riƙe shi. Ni dai gani nake ƙarfi ne ya tarar masa. Ta ina zan fara?

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam. Alhaji doki mai ƙoshi ai ba ya jiran shawara. Ka kai shi bakin teku ka sake masa linzami ya yi sukuwa biyu uku, zafin kan ya sauka. Haka muke yi.

Baba Zagi (Obalende): Haka kuke yi, shi ya sa dawakinku ba sa tsufa a hannunku. Alhaji kada ka saurari yaron nan. Tsallen da ka gani da safe ba ƙarfi ba ne, gundura ce da dawa. Kafin mu je ko'ina ka faɗa mini: tun da ya daina aiki an rage masa hatsi, ko abin da yake ci lokacin wasa shi ake zuba masa har yau?

Mai Bidi (Ajah): Ba a rage ba Baba. Kwano biyu na dawa da dusa, safe da yamma, ga harawa.

Baba Zagi (Obalende): To ga inda maganar take. Dokin da ke tsaye yana cin abincin mai aiki, ranar da aka fara matsa masa sai ka ga bayan 'yar tafiya ya sandare, cinyoyin baya sun yi tauri kamar itace, gumi na zuba, ya ƙi ɗaga ƙafa. In ya yi fitsari sai ka gan shi ja wur ko baƙi-baƙi. Na ga wannan ba sau ɗaya ba a bargar manya, kuma kullum bayan hutu ne. Wanda bai sani ba sai ya ce gardama ce ya sa bulala, nan ne ake ƙarasa dokin.

Likita (Oko-Oba): Baba ya riga ni. Abin da ya bayyana ciwon ɗaurewar tsoka ne. Naman cinya da na baya ne ke lalacewa, abin da ya fita daga cikinsa ya bi jini zuwa ƙoda, shi ne ke rina fitsarin, kuma yana iya kashe ƙodar. In ya faru a hanya ba a tilasta masa tafiya, a sauka, a tsayar da shi inda yake, a ba shi ruwa, a kira likita. Maganin kada ya faru kuwa tun daga kwano ne. Alhaji ka rage dawar zuwa rabi ko ƙasa da haka, ka cika masa ciyawa da harawa, sai aiki ya ƙaru hatsi ya biyo baya. Ba hatsi ke yin gaba ba.

Amma babban abin da nake so ka riƙe ba wannan ba ne. Jikin doki ba ya dawowa gaba ɗaya. Zuciya da numfashi suna saurin farfaɗowa, cikin 'yan makonni za ka ji ya daina haki. Tsoka na biye da su. Jijiyoyin ƙafa da gaɓoɓi da ƙashi su ne 'yan baya, watanni suke ɗauka, don jini kaɗan ke isa jijiya. Haɗarin yana wajen mako na huɗu zuwa na shida: doki na jin daɗin jikinsa, yana jan linzami, mahayi ya ce ya dawo, alhali jijiyar bayan ƙwaurin ƙafar gaba ba ta shirya ba. Sukuwa ɗaya da birki mai ƙarfi sai ka wayi gari bayan ƙwauri ya kumbura ya yi baka. Wannan ciwon jinyarsa wata 9 zuwa shekara ce, kuma ko ya warke wurin ba ya komawa kamar da, yana yawan sake tashi.

Ɗan Zazzau: Likita wannan lissafin na dawakin Ajantina ne da ake wa fanka a Ikoyi. Namu na gida ƙashinsu daban. Dokin da ya taso yana bin rairayi a Chadi za a ce sai an lallaɓa shi?

Na-Kano Mai Harawa (Alaba Rago): Bazazzagi ke nan, ko jaki bai mallaka ba amma ya fi kowa sanin ƙashin doki.

Ɗan Zazzau: Kai dai ka ci gaba da sayar mana da harawa mai ruma, Bakano.

Likita (Oko-Oba): Gaskiya ne na gida sun fi jure zafi da cizon ƙwari da ƙarancin abinci. Amma jijiya jijiya ce. Wanda ya taso a Chadi kullum yana tafiya, shi ya sa ƙafarsa ta yi ƙwari. Wannan kuwa wata biyar yana tsaye wuri ɗaya, kuma ya ƙara nauyi. Ƙafar ta yi rauni, kayan da take ɗauka sun ƙaru.

Hajiya Mai Goɗiya (Ikeja): Ni abin da ban ji an taɓo ba shi ne kofato. Alhaji dokin da ya ci damina a Ajah yana tsaye cikin laima, ka ɗaga ƙafafun nan huɗu ka sansana. In ka ji wari, ka ga baƙin abu mai danƙo a cikin ramin tsakiyar kofato, to ruɓa ta shiga. Goɗiyata ta yi shi bara, sai da muka canza mata wurin tsayuwa muka zuba busasshiyar dusar katako, kullum ana sharewa ana sa magani. Kuma kofaton da ba a yanke ba tun Yuni ya yi tsawo, gaba ta miƙe, duk takun da zai yi jijiyar baya ce ke biyan bashin. A kira mai yankan kofato kafin a ɗauko sirdi. Duk mako shida ya kamata a riƙa gyarawa ko ana hawa ko ba a hawa.

Mai Bidi (Ajah): Hajiya na duba yanzu. Na baya na hagu akwai ɗan wari, sauran lafiya. Tsawo kam sun yi.

Baba Zagi (Obalende): Madalla da Hajiya. To bari in faɗi yadda muka gada, Likita ya gyara inda na kauce. Mahaifina ya yi aikin barga tun ana sukuwar dawaki a filin da ya koma Dandalin Tafawa Ɓalewa a 1972, ni kuma na tashi a bargar polo ta Ikoyi. Ƙa'idar ba ta canza ba: dokin da ya dawo daga hutu tafiya yake fara yi, tafiya zalla. Makon farko ma ba a hawansa, a ja shi da ragama minti ashirin da sassafe, a ƙara da yamma in an samu hali. Mako na biyu a ɗora sirdi, yaro marar nauyi ya hau, har yanzu tafiya. Kullum ana ɗan ƙara lokaci har ya kai awa guda yana takawa da kuzari, ba jan ƙafa ba. Sai an cinye mako uku ko huɗu a haka sannan a sa sassarfa, ita ma guntu-guntu: minti biyu, a koma tafiya, a sake minti biyu. A barga in dawaki da yawa ne, mutum ɗaya ya hau ɗaya ya ja biyu ko uku a gefe suna zagaya fili. Wajen mako na bakwai ko takwas ake fara 'yar sukuwa a miƙe, ba juyi ba birki. Sanda da ƙwallo sai bayan nan. Wasa sosai kuwa, ka lissafa wata uku daga yau.

Kuma kowace safiya kafin a ba shi abinci ka shafa ƙafafunsa da hannunka, daga gwiwa zuwa kofato, ka kwatanta dama da hagu. In ɗaya ta fi ɗaya ɗumi, ko ka ji wuri ya cika, ranar ba aiki, a zuba ruwan sanyi minti ashirin, a koma matakin baya. Hannu na riga ido gani. Kafin doki ya fara ɗingishi ƙafar ta daɗe tana magana.

Likita (Oko-Oba): Babu abin gyara Baba. Sai ƙari ɗaya: kada a ƙara tsawon lokaci da sauri a mako guda. In an ƙara minti, a bar gudu yadda yake. In an ƙara gudu, a bar minti. Kuma a ba shi kwana ɗaya a mako ya huta, amma hutun sakewa a fili ko talala, ba ɗaurewa a turke ba.

Mai Bidi (Ajah): Wata uku daga yanzu ya kai ni ƙarshen Janairu ke nan. Gasar Ikoyi wajen Fabrairu ake yi, ƙananan wasannin share fage kuma kafin nan. Da ƙyar ke nan.

Ɗan Polo: Da ƙyar amma zai yiwu in ba ka yi asarar mako ko ɗaya ba, yallaɓai. Ka tuna caka ɗaya, wato zango ɗaya na wasan polo, minti 7 ce, ana jin ta kaɗan a baki, amma a cikinta doki zai tashi da gudu, ya ci birki, ya juya a kan ƙafar baya, ya yi kafaɗa da wani, ya sake tashi, ba adadi. Ba nisan gudun ke karya su ba, tsayawar da juyin ne. Ni da zan ba ka shawara, wasan farko ka sa shi rabin caka ka sauya. Kulob ɗin polo na Legas tun 1904 yake, gasar ba za ta gudu ba, in bai kai bana ba akwai baɗi.

Ɗan Zazzau: To duk naku na masu kuɗi ne. Mu da muke ɗora 'yan yawon shaƙatawa a bakin tekun Elegushi, doki ya zauna wata uku yana tafiyar banza wa zai ciyar da shi? Disamba na zuwa, lokacin ne kaɗai muke ganin kuɗi. Kuma yashi ai laushi gare shi, ya fi kwalta sau dubu.

Baba Zagi (Obalende): Yanzu ka yi magana mai ma'ana, ɗana, kuma ba na raina neman abincinku, ni ma na ja doki a Bar Beach kafin a cike wurin. Amma aikinku daban. Ɗora baƙo a ja shi da ragama a je a dawo tafiya ce, dokin da ya yi mako uku ana shirya shi zai iya. Abin da ke kashe muku dawaki shi ne sukuwar burga da kuke yi don jawo kwastoma, a cikin busasshen yashi mai zurfi. Laushin nan da kake yabo shi ne matsalar. Kofato na nutsewa, dunduniya ta yi ƙasa, jijiya ta miƙe fiye da ƙima, sannan ya fizgo ƙafar da ƙarfi. In dole sai bakin teku, a bi inda ruwa ya janye ya bar yashi a daddaɓe. Shi ma gangare ne, don haka in ka tafi ta nan ka dawo ta nan, kada ƙafa ɗaya ta yi ta ɗaukar nauyi.

Likita (Oko-Oba): Kuma kada a zuba musu abinci a ƙasa a bakin teku. Yashin da suke haɗiya yana taruwa a hanji, ciwon cikin da ke biyo baya ba wasa ba ne. Kwalta kuwa in tafiya ce ba laifi, tana ma taimaka wa ƙafa ta yi ƙwari, amma ban da sassarfa mai tsawo, ban da inda ake santsi.

Hajiya Mai Goɗiya (Ikeja): Kwaltar Legas kuma ai ba ƙafa kaɗai take gwadawa ba. Dokin da ya yi wata biyar bai ji hon ɗin danfo ba, ka fito da shi titin Lekki zuwa Epe da safe? A fara da lungunan unguwa, mutum ɗaya a sama ɗaya a ƙasa riƙe da ragama.

Mai Bidi (Ajah): To maganar angwancin fa? Aminin nan ba wanda zan iya cewa a'a kai tsaye ba ne. Ya ce tafiya ce kawai daga gidan su ango zuwa fadar Sarkin Hausawa a dawo.

Ɗan Polo: Kowa haka yake cewa. Ka taɓa ganin hawan angwancin da aka gama ba a yi zamiya ba? Da an buga kalangu abokan ango sun hau, wani zai karɓi linzamin ya ce bari ya kai gaisuwa.

Baba Zagi (Obalende): Alhaji, ni ba zan ba da shi ba. Ka duba abin da za a ɗora masa: sirdin gargajiya mai nauyi, jalala, kayan ado, ango da babbar riga da rawani, da rana tsaka, cikin taro da ganga. Bayansa ya yi taushi, wurin majayi ya yi kitse, awa biyu a haka zai sauko da miki a gadon baya ko a haƙarƙari, mikin da zai hana ka ɗora sirdi mako uku. Ga linzaminmu na gida mai kaifi a hannun wanda bai san bakinsa ba. Ga ɗaukarsa a mota daga Ajah zuwa Agege cikin cunkoso. Kuma ingarma ne, zai tarar da wasu ingarmu da goɗiyoyi bayan ya daɗe shi kaɗai. In zumunci kake so ka kiyaye, ka yi wa amininka hayar doki a wajen masu hawa na nan Agege, waɗanda dawakinsu ke cikin aiki. Kuɗin hayar bai kai kuɗin jinyar wata tara ba.

Na-Kano Mai Harawa (Alaba Rago): Wannan ita ce magana. Ka biya haya ka ce gudummawarka ce, ya ma fi jin daɗi.

Ɗan Zazzau: Ko a yi masa allura ɗaya ta kashe ciwo ranar, ya yi hawansa lafiya. Ana yi.

Likita (Oko-Oba): Ana yi, kuma ni ake kira bayan kwana uku. Maganin kashe ciwo irin su Bute ba sa gyara komai, suna rufe bakin ciwo ne kawai, doki ya ci gaba da taka ƙafar da ya kamata ya tausaya wa. In an yawaita kuma ga gyambon ciki ga ƙoda, musamman dokin da bai sha ruwa sosai ba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne deksametazon da ake saya a kemis ana dirka wa doki mai ƙiba. Yana iya jawo kumburin cikin kofato, doki ya tsaya ya miƙe ƙafafun gaba ya jingina baya don azaba. Don Allah a bar allurar da ba likita ya rubuta ba.

Tunda an zo nan bari in yi maganar zafi, don shirin Baba an gina shi ne a kan doki na iya huce jikinsa. A Kano ko Katsina gumi na bushewa nan take ya tafi da zafi. A Legas iska cike take da laima, gumi na zuba amma ba ya bushewa, don haka aikin da doki zai yi cikin sauƙi a Arewa nan sai ya galabaita. A fita kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan la'asar sakaliya. Ka sayi ma'aunin zafi, ba tsada. Lafiyayyen doki a tsaye zafinsa 37.5 zuwa 38.5 ne, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, numfashi 8 zuwa 16. Ka auna naka kwana uku a jere da safe ka san nasa. Bayan aiki, in an yi minti 15 bugun bai sauko wajen 60 ba, ko yana ta haki hanci a buɗe, aikin ranar ya yi masa yawa. A yi ta kwara masa ruwa a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi, a kai shi inuwa mai iska. Wanda kuma ka ga ana aiki sauran na jiƙe shi a bushe yana haki, wannan gumin ne ya ɗauke masa, ciwo ne da aka sani a wurare masu zafi da laima, ya fi kama waɗanda aka shigo da su daga waje. A tsayar da shi nan take.

Hajiya Mai Goɗiya (Ikeja): Likita, kanwa fa? Mu mun tashi ana jiƙa wa doki kanwa, yaran barga kuma sun ce ita ce ke wanke ciki kafin a koma aiki.

Likita (Oko-Oba): Kaɗan ba ta da laifi Hajiya, amma ba ta maye gurbin gishiri, kuma ba ta kashe tsutsar ciki. Gumin doki na fita da gishiri mai yawa, a sa masa cokali ɗaya zuwa biyu na gishirin girki a abinci kullum, ruwa kuma kada ya yanke a gabansa, a wannan zafin zai iya shan lita 40 ko fiye. Maganin tsutsa a ba shi na gaskiya gwargwadon nauyinsa. A duba kaska a ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne da tsakanin cinyoyi, don bayan damina ciwon da kaska ke sawa na fitowa daidai lokacin da aka fara wahalar da doki: zazzaɓi, kasala, cikin ido ya yi fari ko rawaya. A duba haƙora ma, in suna da kaifi zai yi ta wasa da kai in an sa linzami a ce rashin ji ne.

Na-Kano Mai Harawa (Alaba Rago): Tunda Bazazzagi ya yi mini sharri bari in kare sana'ata. Harawa daga Arewa take zuwa a bushe, a nan take lalacewa. Mutum ya sayi ta wata biyu ya jibge a ƙasan siminti a ɗaki marar taga, laima ta shige ta, sannan ya ce an cuce shi. A ɗora kan katako, a bar iska na ratsawa, a sayi ta mako biyu-biyu. In ka buɗe dami ka ga ƙura fara na tashi ko warin ruma, kada ka ba doki, tari zai sa shi. Masara mai ruma kuwa ta fi komai muni, Likita zai faɗa.

Likita (Oko-Oba): Gubar da ke cikinta ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma ba ta da magani. A zubar kawai. Doki mai kilo 350 yana buƙatar busasshiyar ciyawa da harawa kilo 5 zuwa 7 a rana. In za a canza abinci, sabuwar harawa ce ko ƙarin hatsi, a yi shi a hankali cikin kwana 10.

Ɗan Zazzau: Na ji na yashi mai zurfi, zan gaya wa yaranmu. Amma wata uku kam ban yarda ba, namu wata ɗaya sun dawo.

Baba Zagi (Obalende): Sun dawo ɗaukar baƙi, ba su dawo polo ba. Ka kawo mini ɗaya daga cikinsu Obalende in shafa ƙafarsa a gabanka, sai mu yi magana.

Mai Bidi (Ajah): Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira aminina, ya ɗan yi shiru amma ya karɓi maganar haya. An rage dawa daga yau. Yaron zai dawo daga gida ranar Laraba, kafin nan ni zan riƙa jan shi da asuba. Hajiya, mai yankan kofaton naki yana zuwa har Ajah?

Hajiya Mai Goɗiya (Ikeja): Yana zuwa in an biya masa kuɗin mota, amma ban da Juma'a. Zan tura maka lambarsa ta gefe. Ka ce masa ya zo da maganin ruɓar, kada ya ce maka a zuba baƙin mai.

Ɗan Polo: In zai je Ajah a haɗa da nawa biyu da ke Sangotedo, mu raba kuɗin motar.